Kafin A Auna Yaro Da Kwamfuta, Wa Ya Koya Masa?

Duk wanda ya daɗe yana sharhin fim, akwai wata ɗabi'a da take kama shi ko ya so ko bai so ba. In an nuna masa hoto, sai hankalinsa ya tafi kan abin da aka bari a gefe. Darakta zai nuna maka falon Alhaji da kujeru na alfarma, amma wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya san da kyamara za ta ɗan karkata, da ka ga wayoyin wuta a warwatse, ga janareto na hayaƙi, ga yaron da ke riƙe fitila yana gyangyaɗi. Daraktan bai yi maka ƙarya ba, ya dai zaɓi abin da yake so ka gani.

To wannan ɗabi'ar ce take hana ni sakat duk lokacin da na ga hoton bikin miƙa kwamfutoci ga wata makaranta. Mai karatu ya san irin hoton: babban mutum da babbar riga, ɗalibai sun sha wanki da guga, an jera na'urori a kan tebur, kowa na murmushi. Ni kuwa sai in ce ina ma a ɗan juya kyamarar. Akwai wuta? Wa zai koyar? A hannun wa mabuɗin ɗakin zai zauna?

Ba da ka nake wannan magana ba. A sakandaren da na yi a yankinmu na Gwarzo muna da ɗakin kwamfuta, har da rubutu a saman ƙofa. Shekara uku ina wuce ɗakin nan, sau biyu kacal na ga an buɗe shi: ranar da aka sa mu share ƙura, da washegari da baƙi suka zo daga birni. Ta taga muke leƙawa mu ga na'urorin an lulluɓe su da leda kamar kayan ɗakin amarya. Darasin kwamfuta kuwa muna yin sa, amma a baƙin allo. Malam zai zana linzamin kwamfuta da alli, mu kwafa a littafi, mu haddace sunansa da Turanci, a yi jarrabawa mu ci. Wata rana wani abokina ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam, yaushe za mu taɓa ta gasken?" Malam ya yi shiru, can ya ce, "In an kawo man janareto." Bawan Allah, daga baya na gane malamin lissafi ne aka ɗora wa darasin, kuma tsoronsa kada wata ta lalace a ce shi zai biya.

A 2015 na gama, shekarar da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Saura kwana uku mahaifina ya ba ni kuɗi na je wani shagon buga takardu, mai shagon ya bar ni na zauna gaban na'urarsa na rabin awa. Iyakar horon da na samu ke nan. Ranar jarrabawa da asuba muka kamo hanyar Kano, tafiyar kusan kilomita 70, ta Rimin Gado da Janguza. Duk ɗan Gwarzo ya san kafin ka shiga birni sai ka wuce ta ƙofar sabuwar Jami'ar Bayero. Na kalli ƙofar nan gabana na faɗuwa. A ɗakin jarrabawa, yaron da ke kusa da ni yana ta latse-latsensa hankali kwance kamar a ɗakin uwarsa, ni kuwa mintunan farko duk sun tafi wajen neman yadda zan koma tambayar da na tsallake. Allah ya taimake ni na samu makin da ya kai ni foliteknik. Wasu abokaina da na san sun fi ni ƙwaƙwalwa, daga ranar ba su sake neman wata makaranta ba.

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki shi ne autarmu, wadda yanzu take babbar sakandare. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta a 2026, har Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, kowa ya ga inda aka dosa. Ran nan na je gida na tarar da ita tana karanta littafin soyayya a wayar mahaifiyarmu, babban yatsanta na gudu a kan gilashi. Na ce, "Auta, kin taɓa buga ko da layi ɗaya a kwamfuta?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, a ina?"

Tun daga ranar tambayar take cina. Shin adalci ne a auna yaro da abin da ba a taɓa damƙa masa ba? In kuwa ba adalci ba ne, alhakin yana wuyan wa?

Alherin na'ura

Kafin wani ya ce ga ɗan ƙauye mai ƙin ci gaba, bari in fara faɗin alherin na'ura. Yayyenmu sun ba mu labarin zamanin takarda: tambayoyi su fita tun kafin ranar, a yi hayar wani ya zauna wa wani, sakamako kuma sai an yi ta jira. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro. Talaka ya fi kowa cin moriyar alƙalin da ba ya karɓar toshiyar baki. Ita ma hukumar JAMB ta yi nata ƙoƙarin, domin a 2017 ta ɓullo da jarrabawar gwaji, da kuma tsarin maɓallai takwas da yaro zai amsa tambayoyi da su ba tare da ya taɓa linzami ba. Ban manta kuma da cewa da yawa daga kakanninmu sun guje wa boko, har yau Arewa ba ta gama biyan wannan bashi ba. Ba zan so a maimaita haka da kwamfuta ba.

Sai dai shi ma wannan alƙali tara yake, bai cika goma ba. A jarrabawar 2025 wata tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. A ranar 14 ga Mayu, magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa laifi yana hawaye, aka kuma sake wa yaran jarrabawa. Wallahi na yaba masa, don ba kasafai babba yake cewa "na yi kuskure" a ƙasar nan ba. Amma ka lura da abu ɗaya. An ga wannan kuskure ne saboda iyayen yaran suna da murya, sun yi ta kururuwa a intanet, kuma da aka bincika na'ura sai aka ga inda ta kauce. Yaron Kabo da ya san amsa amma tsoron allo ya cinye masa lokaci, babu na'urar da za ta nuna abin da ya same shi. Abin da za a rubuta kawai shi ne ya faɗi. Babu wanda zai yi masa hawaye a talbijin. Shi da kansa ma zai yarda cewa ba shi da ƙoƙari, wannan kuwa shi ya fi komai ciwo.

Mudu ɗaya, gona biyu

Masu kare tsarin suna cewa ai tambaya iri ɗaya ce, lokaci ɗaya, na'ura iri ɗaya, ina rashin adalci? Gaskiya ne, kuma a kasuwa ma abin da muke nema ke nan, a auna wa kowa da mudu ɗaya. To amma ɗauki misalin mai gona da ya sa barori biyu noma. Ya ba ɗaya taki da shanun huɗa, ɗayan ya ba shi fartanya mai karyayyar ƙota. Da kaka ta yi ya zo da mudunsa na gaskiya ya auna, ya ce wannan jarumi ne, wancan malalaci. Mudun bai yi ƙarya ba, amma ko yaro ya san an yi zalunci. Ashe adalci iri biyu ne: na ranar awo, da na ranakun da suka gabace ta. Na farko ba ya wanke wanda ya tauye na biyu, musamman in mai mudun shi ne mai rabon takin. A maganar ilimi kuwa haka abin yake, hukuma ce ke gina aji, ita ce kuma ke shirya jarrabawa. Duk wanda ya ɗauki ikon aunawa ya ɗauki nauyin koyarwa tare da shi.

Ba ni na ce takin bai isa ba, gwamnati ce ta faɗa da bakinta. A watan Yunin 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf yake ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano, ya ce yara sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma akwai makarantu kimanin 400 da malami ɗaya ne ke riƙe da kowace. Yaron da ya taso a irin wannan aji shi za a zaunar gaban allo mai ƙidaya daƙiƙoƙi, ya karanta Turanci, gobe kuma a ce ya buga insha'i da yatsunsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To a sayo kwamfutoci a raba mana, magana ta ƙare? Nan ne ɗakin nan namu mai kwaɗo yake dawo mini. Masu sha'awar tarihin fim sun san na'urar koyarwa ba yau ta fara zuwa ƙauyukanmu ba. Tun zamanin Turawa motar majigi take shiga gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna fim kan tsafta ko noma, irin su Baban Larai na shekarun 1950 mai koyar da noman auduga. Amma ko Bature bai taɓa turo motar ita kaɗai ba. Akwai mai sharhi riƙe da lasifika, yana fassara hoto da Hausa, yana jan hankalin jama'a kan abin da ake so su gane. In babu shi, kallo kawai za a sha a watse.

Duniya ta sake koyon wannan darasi da tsada. A 2005 wani Ba'amurke, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro ƙaramar kwamfuta, har aka gwada shi a wata firamare da ke Galadima, Abuja, a 2007. Ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ta rungumi shirin ta raba dubban ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantun karkara 319, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fagen ilimi shi ma ya yi gargaɗin cewa ƙwaƙƙwarar shaida kan amfanin waɗannan na'urori ba ta da yawa, kuma kaso mai tsoka na shaidar daga masu sayar da su yake fitowa.

Mu kuwa masu karatun littattafan Hausa muna da shaidarmu a gida. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano. Da alli da baƙin allo da malami mai haƙuri, dubban maza da mata suka koyi karatu da rubutu, su ne kuma suka zama kasuwar littattafan da muke alfahari da su. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da aka cire daga makaranta aka yi wa aure da ƙuruciya, ta ajin manya ta koma karatu. Masu kallon Indiya kuma za su tuna Taare Zameen Par na 2007. Yaron da ke cikin fim ɗin an kai shi makarantar kwana mai komai da komai, bai tsira ba sai da malami ɗaya, Aamir Khan, ya zauna ya duba littattafansa ya lura haruffa ne suke juye masa. Allo yana nuna wa yaro abu, amma malami ne yake ganin yaron. Don haka in an kawo kwamfuta ba a kawo wanda ya iya ta ba, ba a tanadi wuta ba, ba a ware lokacin da kowane yaro zai zauna gabanta ba, to kayan ado aka saya.

Masu juya kyamara

Wa zai riƙa gano mana irin wannan gibi? Tambayoyi irin su: a makarantun Gwarzo da Kabo na'ura nawa ce take kunnuwa, tsakanin maza da mata wa ya fi samun zama gabanta, a gida wayar wa yarinya take ara, duk ba tambayoyin injiniya ba ne. Aikin masu ilimin zamantakewa ne, da masu tarihi da nazarin tattalin arziki. Su ne masu juya kyamara su nuna wanda aka bari a gefe. Abin takaici, su muka fi rainawa. A makarantunmu yaron da aka ga yana da kai sai a tura shi ajin kimiyya, ragowar a ce su tafi "At", kamar wani horo. Ƙasar nan ta yi sama da shekara goma babu darasin Tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. Al'ummar da ta iya sayen na'ura amma ba ta iya tambayar wa na'urar ta amfana ba, kullum 'yan kwangila ne za su ci riba.

Wannan magana ta ƙara zama dole a yankinmu. Gwarzo ta daɗe da Makarantar Nazarin Muhalli ta Foliteknik ɗin Jihar Kano. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da kafa foliteknik ta tarayya a Kabo, a 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu aka ɗaga ta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha, bisa ƙoƙarin Sanata Barau Jibrin, ɗan garin. Abin murna ne ƙwarai. Amma ƙofar jami'a ba ta buɗuwa don kawai an gina ta a garinku, jarrabawar nan dai ita ce mabuɗi. 'Ya'yan Garo da Durun da Gammo da Getso za su shiga a matsayin ɗalibai ne, ko za su tsaya a bakin ƙofa suna sayar da ruwa da yin acaɓa? Amsar tana cikin azuzuwan sakandaren da ke kewaye da ita. Ba na so ƙannena su riƙa kallon ƙofar Kabo yadda na kalli ta Bayero a safiyar nan.

Namu kason

Kada mu jibga wa gwamnati komai mu koma gefe, mu ma 'yan fim da marubuta muna da namu kason. A finafinanmu kwamfuta ado ce a teburin jarumi, ya buɗe ya rufe don a san shi babba ne. A littattafanmu saurayi kullum daga Landan ko Dubai ya dawo da digiri. Sau nawa muka ɗauki malamin makarantar gwamnati muka mai da shi jarumi? In ya fito ma, mai ɗinkakken takalmi ne da ake wa dariya a gidan surukai. Sannan mu yi mamakin yadda haziƙan yara ba sa son koyarwa.

Ga kuma wani abin lura. A kusan kowace tasha da kasuwa ta yankinmu akwai shagon tura finafinai da waƙoƙi a waya. Samarin da ke wannan sana'a suna sarrafa kwamfuta kamar me, suna sauya fim daga wannan tsari zuwa wancan, alhali wasunsu ko sakandare ba su gama ba. Wa ya koya musu? Wani ne ya matsa ya ce zauna ka taɓa. Wato harkar nishaɗi ta kai kwamfuta mai aiki inda ɗakin makaranta yake a kulle. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa kan ɗan ƙauye lafiya lau yake, dama ce bai samu ba.

Saboda haka abin da nake gani hakki ne a kanmu bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar da za ta auna yaro da na'ura ta fara tabbatar da ya zauna gabanta, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tare da malamin da aka horar kuma ba a tsoratar da shi da biyan abin da ya lalace ba. Ƙungiyar iyaye da malamai, in an kawo kayan, ta tambayi jadawalin amfani da su kafin ta yi tafi. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, maimakon kalanda da walima, su haɗa kuɗin sola. Malamin ilimin zamantakewa ya tura ɗalibansa su tambayi dattawan tsohon gari irin Getso tarihin unguwanninsu, su dawo su buga abin da suka ji da hannunsu, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi ta fi wadda ta tsufa a cikin leda daraja.

Ni dai na fara da abin da zan iya. Tsohuwar kwamfutar da nake rubuta sharhi da ita, duk ranar Asabar ɗin da na je gida sai in ajiye wa Auta ita a kan tabarma. Ranar farko da yatsa ɗaya ta yi ta farautar haruffa, ta yi kusan awa guda kafin ta cika rabin shafi. Yanzu wani labari take rubutawa nata na kanta, ta hana ni karantawa. Makon jiya ta ce, "Yaya, ƙawayena biyu sun ce ko za su riƙa zuwa?" Na ce su zo. Amma na san ajinsu ya fi mutum uku nesa ba kusa ba, kuma ba kowace ce take da yaya mai kwamfuta ba. Sauran suna can suna leƙe ta taga, mabuɗin kuwa yana aljihun wani daga cikinmu. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.